Randar da Na Haɗa da Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na haɗa kwamfutata da randa ba. Ko na so in manta ma mutanen layinmu ba za su bari ba, don har gobe idan na zo wucewa sai an sami mai ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yau ruwan da sanyi kuwa?" Ni kuma sai in kara waya a kunne kamar ana kirana.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Ina da ɗan shago a Gusau, cikin jerin shagunan da ke kallon yamma, wato daga azahar rana za ta shigo ta zauna tare da kai har bayan la'asar. Rufin kwano ne, babu silin. Kwamfutar da nake aiki da ita irin babbar nan ce ta kan tebur, kuma da zafi ya kankama sai ta tsiro da wani hali. Ina tsakiyar haɗa bidiyo fankarta za ta hau kuka kamar injin markaɗe, hoto ya riƙa tsayawa, daga nan sai ɗif, ta mutu. In jira ta huce, in sake daga farko, ta sake mutuwa. Wata rana har fifita na yi mata da kwali (Allah ya sa babu wanda ya leƙo).

Aikin da ke hannuna a lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Bikin ɗiyar Malam Garba ne na Nahuce, can ƙasar Bungudu. Matarsa, Inna Kulu, aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, a bayanta ma an sha goya ni. Malam Garba manomi ne, mutum ne da bai yarda da hoto ba, ko na katin zaɓe da ƙyar aka ɗauke shi. Amma ranar da za a kai amarya ya zauna a zaure ya yi wa ɗiyarsa nasiha da addu'a, doguwa, ya kuma bar ni na ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Sati uku bayan bikin Allah ya yi masa rasuwa. A duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai a bidiyon nan.

Inna Kulu tana cikin takaba ta aiko mini da saƙo ta bakin mahaifiyata. Ta ce ita ba ruwanta da kiɗa, ba ruwanta da rawar 'yan mata, wurin da Malam yake magana kawai take so, idan ta fita takaba za ta zo ta gani. Na ce an gama. A nan ne kuma zan fara faɗin laifina: memorin da na ɗauki bikin da shi na riga na goge shi na ɗauki wani bikin a kai. Kwafi ɗaya tak ya rage, shi ne na cikin kwamfutar nan mai suma.

Da abin ya ishe ni sai na shiga mota na tafi Tsafe wurin Malam Bawa. Shi ne ya koya mini taɓa kwamfuta tun farko. Dattijo ne, da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, zamani ya kawo kwamfuta ya bi ta. Ba shi da yawan magana, kuma idan zai yi maka tambaya sai ya zare tabarau tukuna. Na zayyana masa matsalar. Ya zare tabarau.

"Yaushe rabonka da ka buɗe cikinta?"

Na ce ai sabuwa ce, shekararta uku kacal.

"Shekara uku ba ka buɗe ba. To, ka koma ka buɗe. Ƙwaƙwalwarta, abin nan da kuke ce wa furosesa, akwai ƙarfe mai haƙarƙari a kanta, fanka na hura shi. Ka kakkaɓe shi tas. Akwai ɗan farin mai da ake shafawa tsakaninsu, ya bushe, ka goge ka sa sabo. In ka sami hali ka sayi ƙarfen da ya fi wannan girma. Shi ke nan."

Shi ke nan? Raina bai so ba. Ni da na shafe sati biyu ina kallon Turawa a waya suna sanyaya kwamfuta da ruwa, tiyo mai launi yana zagayawa, fitilu na walƙiya, a ce mini in je in yi shara? Akwai mutum uku a shagon suna jiran gyara, sai na ga dama ta samu. Na gyara tsayuwa na ce, "Malam, ai duniya ta wuce zamanin fanka. Yanzu ruwa ake yayi. Ruwa ya fi iska kwasar zafi nesa ba kusa ba." (Wannan maganar a waya na ji ta, ban ma canza mata ko kalma ɗaya ba.)

Ya ce, "Gaskiya ne, ya fi. Amma idan ya kwasa, ina zai kai?"

Da ma tambayar da nake jira ke nan. Na ce su Turawa lagireto suke sawa, irin na mota amma ƙarami, mu kuwa Allah ya ba mu abin da ya fi lagireto tun kaka da kakanni, wato randa. Randa ba ta son wuta, ba ta son fanka, da kanta take sanyaya ruwa. Zan zuba ruwa a randa, famfo ya tura shi ta tiyo ya bi ta kan furosesa ya kwaso zafi, ya komo randa ya huce. Ɗaya daga cikin masu jiran gyara ya ce, "Kai! Yaran yanzu akwai kai." Wallahi sai da na ji na ƙara tsawo.

Malam Bawa ya dube ni ya ce, "A ina za ka ajiye randar?"

Na ce duk inda iska ke kaɗawa, ko bakin shago.

"Randa. A bakin shago. A Gusau." Ya mayar da tabaransa. "To, Allah ya ba da sa'a."

Na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffin ma'aikata. Har a mota ina tausaya masa.

Cikin kwana huɗu na haɗa komai. Wani mai gyaran firji ya ƙera mini ɗan akwatin jan ƙarfe mai baki biyu wanda zai zauna a kan furosesa. Na samo ɗan ƙaramin famfo mai aiki a cikin ruwa. Tiyo kuwa na sayi farin nan da magina ke gwada daidaiton gini da shi, na ɗaɗɗaure bakunansa da robar tayar babur. Randa na je har kasuwar Bungudu na zaɓo, babba, ina ƙwanƙwasa ta ina saurare kamar na san abin da nake saurare.

Bari in faɗi wani abu da, ban da mutum ɗaya, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ranar da na kwance tsohuwar fankar, na tarar da haƙarƙarin ƙarfen ya toshe da ƙura da zare, sun dunƙule kamar tsohuwar katifar auduga. Ko numfashi ba zai ratsa ba, balle iskar fanka. Farin man nan kuma ya bushe ƙamas. Na gani da idona, na kuma san maganar Malam Bawa ce ta tabbata. Amma na riga na sayi randa, na riga na cika baki a gaban mutum uku. Sai na jefa fankar cikin durowa na rufe.

Da farko a cikin shago na ajiye randar, sai ruwan ya ƙi hucewa saboda babu iska. Na fitar da ita waje, gindin darbejiyar da ke jikin tagata. Na zuro tiyo biyu da wayar famfo ta taga, na bi da su ta bayan randar, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, na rufe bakinta da faifai. Idan ka zo ta gaba ba ka ganin komai sai randa a inuwa. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi aiki! Kukan fanka ya ɗauke, kwamfuta ta daina suma, ina aiki tun safe har yamma. Kwana biyu ina tafiya a layinmu ina jin ba ni da sa'a.

Ran kwana na uku na fito sai na ga moda a kan faifai, sabuwa fil, an ɗaure ta da igiya a jikin bishiya. Maƙwabcina Iro tela yana tsaye yana murmushi.

"Ka riga mu, wallahi ka riga mu," ya ce. "Shekara nawa muna layin nan babu wanda ya yi tunanin ajiye ruwan sadaka. Na ce ni ma bari in sa hannu a ladan, ko da moda ce."

Na buɗe baki zan yi bayani. Daidai nan wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya ɗaga faifai, ya kamfata ya sha, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifa." Sai na rufe bakina.

Ai kowa ya sani, randa in tana cikin gida ta masu gida ce, in ta fito bakin hanya ta zama ta al'umma. Babu mai neman izini, kuma babu ɗan halak ɗin da zai ce wa mai ƙishirwa kada ya sha. Ni ɗin nan a garin aka haife ni, na sha ruwan irin waɗannan randunan ba adadi. Amma da yake kaina ya cika da bidiyon Turawa, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai ɗan masallacinmu na layi. Bayan sallar la'asar Liman ya juyo ya yi 'yar nasiha kan falalar shayar da ruwa a lokacin zafi, ya ce akwai wani matashi a cikinmu, ba zai kama suna ba, da ya kamata manya su yi koyi da shi. Duk sahu aka waiwayo aka dube ni. Ni kuma na sunkuyar da kai irin na salihan bayi. (Har da ɗan girgiza kai na yi, wai ni ba na son a faɗa.) Daɗi biyu ya haɗe mini, a cikin shago ni injiniya ne, a waje ni mai sadaka ne. Na dai riƙa sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina ƙarawa safe da rana don kada famfo ya sha iska.

Matsala ɗaya aka samu, ruwan ba ya sanyi. Ina zai yi sanyi, yana kwasar zafin bidiyon biki tun safe? Iro ya sha ya yamutsa fuska ya ce, "Anya randar nan ta gasu kuwa? Ruwanta kamar na wankan jego." Na ce ai maginan tukwanen yanzu sai a hankali, ba sa tsoron Allah. Baiwar Allah da ta gina randar tana can ƙauyensu ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, na ɗora mata laifi. Allah ya yafe mini wannan ma.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Inna Kulu ta fita takaba, dangi suka ɗauko mota guda daga Nahuce za su kai ta gidan ɗiyarta amarya a nan Gusau ta kwana biyu, suka ce bari su biyo ta shagona su karɓi bidiyo. Sun kai mutum goma sha biyar, maza da mata, jagoransu Baba Hamisu, ƙanen marigayi, dogon tsoho mai faɗa. Ni kuma, kamar yadda muka saba a sana'armu, aikin da aka ba ni wata biyar sai a ranar nake ƙarasa shi. Na shimfiɗa wa mata tabarma a cikin shago, na ce minti talatin kacal kwamfuta za ta gama fitar da shi. Inna Kulu ta zauna daf da tebur, ta zuba wa allon ido ko ƙiftawa ba ta yi, alhali ba abin da ke kai sai wani ɗan layi da ke tafiya a hankali.

Sun sha hanya, ga rana, ga randa a inuwa. Aka fara sha. Moda na zagayawa, ana miƙo wa mata ta ƙofa. Ina jin ana ta ɗaga faifai ana mayarwa, amma na ce a raina randa babba ce. Sai aka kira azahar. Ranar kuma, don ƙaddara, tankin masallaci babu ko ɗigo. Sai na ji muryar Iro yana shela, da alfahari kamar randar ubansa: "Ku zo nan, akwai ruwa! Yaron nan ba ya bari ta ƙafe!"

Jama'a, butoci suka yi layi. Baƙi, 'yan layi, masu wucewa. Ina kallo ta taga gumi na karyo mini. Kalma ɗaya ce za ta cece ni, in fita in ce a dakata. Amma in ce me? In ce wa masu alwala su bar ruwan sadaka saboda kwamfuta za ta sha? Bayan wa'azin Liman? Na dubi layin da ke allo, saura kaɗan. Na ce bari in daure, ƙila mu yi kunnen doki.

Baba Hamisu ne na ƙarshe. Ya zura moda ya ji ta daki ƙasa. Sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya rungumo randar ya karkato ta gaba don ya tsiyaye sauran a butarsa. Tiyo ya miƙe. Na ji wani ɗan sauti a cikin kwamfuta, fut, robar tayar babur ta saki. Ɗan ruwan da ya rage famfo ya tattaro shi ya feshe a kan allon cikinta, wanda duk kayan wutarta ke manne a kai. Sai tartsatsi, sai ƙauri, sai allon da muke kallo ya yi baƙi ƙirin.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Ruwan kwamfuta! Baba, saki randar, ruwan kwamfuta ne!"

Baba Hamisu ya ajiye randa a hankali. Ya yaye buhu, ya ga tiyo biyu. Ya kama ɗaya ya bi shi da hannu, taku ɗaya, taku biyu, har taga. Ya leƙo kansa ciki ya ga inda tiyon ya shige cikin akwatin da ke hayaƙi. Ya dube ni.

"Kai, ɗan nan. Ruwan ga da munka sha, ta cikin wanga abu yaka biyowa?"

Na ce e.

"Da wanda munka yi alwala da shi?"

Na ce e, Baba, amma zagayawa kawai yake yi.

"Zagayawa!" Ya juya ga jama'a. "Kun ji! Zagayawa yakai! Ruwan da ya ratsa ta cikin kiɗa da rawar biki, shi munka wanke fuska da shi za mu gaban Ubangiji!"

Nan fa wuri ya kaure. Wani ya tofar da yawu, wata mata a cikin shago ta dafe ciki ta ce ita da ma tun ɗazu take jin wani iri. Masu alwala suka rabu biyu, wasu na cewa a sake, wasu na cewa da wane ruwan. Iro tela kuwa ya kwance modarsa daga jikin bishiya, ya dube ni ya ce, "Wankan jego ashe. Kuma ka bar ni ina zagin mai randa." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja faifai na rufe.

Sai da Liman ya fito. Aka mayar masa da magana. Ya sa aka kawo masa ragowar ruwan buta, ya duba launinsa, ya sansana, ya ɗanɗana. Ya ce launi bai canza ba, ƙamshi bai canza ba, ɗanɗano ma na ruwa ne, ɗumi kuwa ba ya hana tsarki, alwalar kowa ta yi, a zo a yi salla. Har ya juya sai ya waiwayo ya ce mini, a gaban kowa, "Wancan wa'azin kuma da na yi, na janye misalin."

Aka fashe da dariya, har da Baba Hamisu. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma da na koma cikin shago na tarar da Inna Kulu ba ta motsa daga inda take ba, har yanzu allon take kallo. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, a hankali, "Ɗana, Malam na ciki?"

Na ce yana ciki, Inna.

"Akwai shi wani wuri in ba nan ba?"

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce babu.

Ta ce, "To," ta gyara mayafinta ta tashi. Duk dariyar da aka yi mini a waje ba ta yi mini ciwon wannan "to" ɗin ba. Na ji na tsani kaina, na tsani randa, na tsani duk wani Bature mai tiyo.

Bayan salla na kira Malam Bawa. Na shirya jin gori. Bai bar ni na gama ba ya ce, "Ka zare ta daga wuta. Kada ka kunna, ko da wasa, ko don ka gwada. Yanzu yamma ta yi, kada ka biyo hanya. Gobe da safe ka kawo ta."

Da safe na rungumi kwamfuta a cinya har Tsafe. Ya buɗe, ya duba, ya taɓa robar tayar babur da ɗan yatsa. Allon ciki ya ƙone, wannan ba magani. Ya kwance rumbun ajiyarta, ɗan abu kamar tafin hannu, ya juya shi a hasken ƙofa yana neman alamar ruwa. Ya ce a bushe yake, amma ba a sani ba sai an gwada. Ya ɗaura shi a tasa kwamfutar, wata tsohuwa da ko murfi ba ta da shi, da ƙaton ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a kai, tas kamar an wanke. Ya kunna. Ni dai na rufe ido ina karanto duk addu'ar da na iya.

Sai na ji tari, irin na mai gyaran murya, sannan, "Bismillahi. Ke Hadiza, matso nan ki ji."

Muryar Malam Garba ce. Na durƙushe a wurin, ƙato da ni, na yi kuka har da majina. Malam Bawa ya yi kamar yana neman sukudireba a ƙarƙashin tebur har na gama. Daga nan na kira mahaifiyata a waya na gaya mata yadda aka yi.

A kwamfutarsa muka ƙarasa aikin. Ta fi tawa jinkiri, fankarta na gurnani, zafin Tsafe kuma bai fi na Gusau sauƙi ba, amma ko gezau ba ta yi ba har ta kai ƙarshe. Muna jira ne ya yi mini bayanin da na ƙi tsayawa in ji a karon farko. Ya ce shi bai taɓa cewa ruwa ba shi da kyau ba. Masu aiki mai nauyi suna sawa, akwai wanda kamfani ke haɗowa a rufe ruf, ba ya yoyo, ba ya ƙara, kuma babu mai iya zura masa moda. Amma ko shi, ruwan ɗan aike ne kawai, ya kwaso zafi ya kai wa lagireto, a can ma fanka ce ke hurawa. Ita randar ma iska ce ke sanyaya ta. "Duk inda ka zagaya wurin iska za ka dawo," ya ce. "Bambancin, fanka in ta mutu ƙarfen zai ɗan riƙe ka, ka ji shiru ka duba. Famfo in ya tsaya nan take zafi ke hawa. In kuma tiyo ya saki, to, ka gani. Kai aikinka bai kai na ruwa ba, shara kawai take so."

Na gaya masa gaskiyar abin da na gani ranar da na kwance fankar. Ya zare tabarau ya dube ni, na ce yau zan sha. Sai ya ce, "Da ka faɗa yanzu ma ai ka yi ƙoƙari." Ya sa aka yi kwafi uku, ya ce in ajiye ɗaya a gidanmu, kada in kuma kwana da amanar mutane a wuri ɗaya. Ya ara mini wani tsohon allon ciki da fanka in riƙa lallaɓawa. Na rasa bakin godiya. Mutumin da na yi wa rashin kunya a gaban baƙinsa, ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba. Allah ya saka wa Malam Bawa da alheri, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Kafin la'asar na iso gidan amarya. Aka kunna a talabijin ɗin falo. Da Malam Garba ya bayyana zaune a zaurensa, da farar hularsa, sai Hadiza ta kifa kai a cinyar uwarta. Baba Hamisu ya fita waje, ya dawo idonsa ja. Inna Kulu kuwa tana zaune tana amsa addu'ar mijinta, duk inda ya tsaya ta ce amin, kamar yana gabanta. Da ya ƙare ta ce a mayar. Sau uku aka mayar.

Sannan ta kira ni, ta ɗora hannu a kaina ta fara sa albarka, wai na dawo mata da muryar Malam. Na ji daɗin nan ya fara taso mini, irin na ranar wa'azin Liman. Wannan karon na yi maza na tare shi. Na ce, "Inna, ba ni ba ne. Ni ɓatawa na yi. Wani dattijo ne a Tsafe, Malam Bawa, shi ya ceto shi."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Uwarka ta gaya mini tun da hantsi, shi na riga na yi mai tashi addu'a." Ta ƙara danna kaina da tafin hannunta. "Wagga taka ce. Allah shi ba ka hankali."

Duk ɗakin suka ce amin, da ƙarfi, Baba Hamisu ya fi kowa. Ni ma na ce amin, don ban taɓa jin addu'ar da ta dace da mai ita kamar wannan ba.

Abin da na koya dai shi ne, idan dattijo ya ce ka je ka yi shara, ka je ka yi sharar, ko da kana da waya mai bidiyo. Idan kuma aka yabe ka kan abin da ba ka yi ba, ka yi maza ka ƙaryata tun mutum ɗaya ne ya ji, don ranar da za a janye yabon sahu guda ne za su shaida.